Babi na Shida: Bango Ke Zaɓen Abin da Zai Huda Shi

Wanda duk ya sauka a Gagarawa Tasha, ya tsaya a gefen hanyar dogon nan da ta taso daga Kano, ta ratsa Ringim da Taura, ta zarce Malam Madori da Birniwa har ta tuƙe a Nguru cikin shekarar 1930, in ya dubi gine-ginen garin da idon basira, zai ga zamani uku a tsaye wuri guda, kowane zamani da irin bangonsa. Akwai soron jar ƙasa mai rufin azara, irin wanda kakanninmu suka zauna a ciki tun lokacin da ake auna gyaɗar ƙasar Gumel a wannan tasha ana loda ta zuwa Kano. Akwai ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda ya ƙara yawaita bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Akwai kuma ginin kankare mai rodi a cikinsa, irin na asibitoci da makarantu da masallatan Juma'a. To, waɗannan bangwaye uku, duk da saɓanin shekarunsu da ɗabi'arsu, yau buƙatarsu ɗaya ce, wato a shigar musu da wayar lantarki.

Wannan buƙata kuwa ta ƙaru ainun tun da aka buɗe tashar rarraba wuta ta Gagarawa a 2020, wadda ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt dubu 132 ta sauke ta zuwa dubu 33 domin amfanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da maƙwabtansu; ƙauyukan da fal-waya ba ta kai gare su ba kuma, ga faifan sola yana ta hawa kan rufinsu. Amma ko daga ina wuta ta fito, waya ba ta shiga ɗaki sai an yi mata kafa, soket ba ya tsayawa a bango sai an yi masa madogara, fanka ba ta rataya sai da abin da zai riƙe ta. Saboda haka aikin mai wayarin, in aka duba haƙiƙaninsa, rabinsa huda ne, alhali kuwa shi ne rabin da masu koyo suka fi rainawa.

Malamanmu na fiƙihu sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa da barinsu a cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an sauke wa saura, in kowa ya yi watsi da su kowa ya ɗauki alhaki. A mazhabar Malikiyya kuma akwai mas'alar lamunin masu sana'a, wadda duk almajirin da ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kanta, cewa mai sana'a shi ke ɗaukar asarar abin da aka ba shi ya yi aikinsa a bayan idon mai shi. Ko da yake ainihin hukuncin ya shafi kayan da aka tafi da su shago ne, irin yadin tela da ƙarfen maƙeri, hikimar da ke ƙarƙashinsa ta game mai wayarin, domin babu aikin da ke ɓuya daga idon mai gida kamar wanda filasta za ta rufe.

Fasali na farko: sanin bango

Na taɓa zama yini guda a wani gida da ake gamawa kusa da tashar, ina kallon wani dattijon mai wayarin, wanda ya fara sana'ar tun zamanin da ake huda kankare da guduma da cizal, ana bugawa ana juyawa har hantsi ya dubi ludayi ba a gama rami biyar ba. Yaronsa ya ɗauko inji zai ɗora a bango, sai ya dakatar da shi, ya karɓi sukundireba ya riƙe ta ta wajen tsini, ya shiga ƙwanƙwasa bangon da ƙotarta yana matsawa kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Kai yaro, me ka ji a nan?"

Yaron ya ce, "Maigida, ƙara ce irin ta ƙwarya."

Ya ce, "To, kogon bulo ke nan. Nan fa?"

"Nan ta daskare, Maigida."

"Madalla. Nan gaɓar bulo ce, inda siminti ya cika. Abu mai nauyi a nan za ka rataye shi."

Da yaron ya fara hudawa, sai dattijon ya tara tafin hannunsa ƙarƙashin ramin, ƙura tana zuba a ciki, ya murza ta da yatsa ya nuna masa. Ya ce fari-farin da ya fara zubowa filasta ce. Wadda ta biyo baya mai ruwan toka, mai kaushi, bulo ne. In ta fito ja, to an shiga jar ƙasa ko jan bulo. In kuwa ƙura ta tsaya cak, inji yana kuka ba ya gaba, aka ga ɗan ƙyalli a bakinsa, to an ci karo da rodi, wajibi ne a janye. Daga nan na fahimci cewa tambayar da matasa ke yi a kasuwa, wai wane inji ne ya fi kyau, tambaya ce da aka gabatar da ita kafin lokacinta, domin jawabinta yana rataye da wata tambayar da ta riga ta: me za a huda?

Fasali na biyu: bakunan inji

Ƙarfen da ake ɗaura wa inji a gaba, wanda shi ne ke shiga bango, shi ake kira baki, kuma bakuna sun kasu gida uku gwargwadon abin da aka halitta su dominsa.

Na farko shi ne na ƙarfe, mai murɗaɗɗen jiki kamar igiyar da aka tufka, wanda wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ya ƙago a 1861. Fa'idar murɗewar ita ce ta fitar da ɓarɓashi waje yayin da tsini ke cin gaba. Tsininsa yawanci a kan kusurwar digiri 118 ake wasa shi, kuma ana ƙera shi da wani ƙarfe da Frederick Taylor da Maunsel White suka kyautata a Amurka wajen 1900, wanda ke riƙe kaifinsa har zafi ya kusa digiri 600. Duk da haka yana da haddi. Maƙeran Gumel sun san cewa ƙarfe in ya sha wuta fiye da kima sai launinsa ya sauya, taurinsa ya tafi. Haka nan in ka ga tsinin baki ya yi shuɗi, to ka ƙona shi. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin baki da taurin ƙarfe, gwargwadon rage gudun inji. A fara da ɗan tabo da aka buga da ƙusa don kada tsini ya zame, a ɗiga mai kaɗan, in ramin babba ne a share masa hanya da ƙaramin baki tukuna.

Na biyu shi ne na katako, wanda ake ganewa da ɗan tsinin da ke tsakiyarsa mai kama wuri kafin gefuna su fara yanka. A cikinsa akwai mai faɗi kamar ƙaramin cebur, mai sauri amma mai yaga. Akwai mai bakin sukuru wanda ke jan kansa da kansa cikin itace mai kauri. Sharaɗin huda katakon rufi shi ne a yi ramin a tsakiyar kaurinsa, nesa da gefen sama da na ƙasa, domin a gefunan ne nauyi ke taruwa, kuma a nan ne ƙusar kafinta za ta iya riskar waya.

Na uku shi ne na bango, kuma shi ya sha bamban da 'yan'uwansa, domin aikinsa farfasawa ne da niƙa. A kansa an liƙa wani ɗan guntu mai fukafukai biyu, wanda aka haɗa daga ma'adinin tangistin, irin wanda ake samu a duwatsun Riruwai a kudancin Kano. Kamfanin Krupp na Jamus ne ya fara sayar da wannan haɗi a 1926 da sunan Widia, ma'ana mai kama da daimon. Wanda ya sa wannan baki a ƙarfe zai wahalar da kansa a banza, wanda kuma ya sa bakin ƙarfe a siminti zai dakushe shi kafin ya gama rami ɗaya.

Bayan waɗannan uku akwai biyu da mai wayarin ba ya wadatuwa da barinsu. Ɗaya zarto ne mai zagaye kamar murfin gwangwani, wanda ake yanke da'ira da shi. Mai milimita 20 da mai 25 su ne abokan tafiya, domin su ne awon bututun roba da ake zura waya a ciki. Ɗayan kuma mai hawa-hawa ne kamar hasumiya, kowane mataki ya fi na ƙasansa faɗi, wanda ke huda siririn ƙarfen akwatin mita da na fis ba tare da ya lanƙwasa shi ba. A nan ya kamata mai aiki a Maigatari ya lura da wani bambanci: akwatin soket ɗinmu mai kusurwa huɗu ne, gadon tsarin Ingila, sassaƙa masa gurbi ake yi; na ƙetaren iyaka a Nijar kuwa, inda ake bin tsarin Faransa, zagayayye ne. Wanda ke karɓar aiki a ɓangarori biyu na iyaka, lalle ne jakarsa ta san da wannan.

Fasali na uku: injuna

Injin huda mai aiki da lantarki ya samo asali ne a birnin Melbourne na Ostireliya a 1889, a hannun Arthur Arnot, sai dai babba ne, na aikin ma'adinai; a 1895 gidan Fein a Jamus ya fitar da wanda ake ɗauka a hannu; a 1917 kamfanin Black & Decker ya yi masa mariƙi da kunama irin ta bindiga, siffar da muka san shi da ita yau; a 1961 kuma kamfanin nan dai ya fitar da mai batir.

Abin da ke hannun masu sana'a yanzu iri uku ne. Akwai mai juyi kawai, na katako da ƙarfe da ɗaure sukuru. Akwai mai juyi da girgiza, wanda a cikinsa faifai biyu masu haƙora ke hawa kan juna suna haifar da ƙananan duka masu yawa. Wannan ya wadatar ga bulo da filasta. Akwai kuma mai guduma ta haƙiƙa, wanda fistin ke matsa iska a cikinsa ta jefa ƙarfe ya daki gindin baki. Shi ne gwanin kankare, kuma bakinsa na musamman ne, mai tsagi a gindi, tsarin da ake kira SDS wanda Bosch ya fitar a 1975, inda baki ke kai da komo a cikin mariƙinsa ba tare da an ɗaure shi da makulli ba. Mai amfani da wannan inji ba ya buƙatar danna shi da ƙirji. Aikinsa ya saita shi ya bar shi ya ci.

Wani abu da ya keɓanci wannan sana'a shi ne, mai wayarin yakan yi aikinsa ne a gidan da wuta ba ta riga ta shiga ba. Ɗan ƙaramin janareton nan da ake kunna fitila da fanka da shi sau da yawa ba ya jure fisgar da babban inji ke yi a farkon tashinsa. Saboda haka a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, inda mafi yawan aiki na sola ne, inji mai batir na bolt 18 ya zama kamar jaki ga manomi, muddin an tanadi batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Sai dai batirin yana da abokin gaba, shi ne zafi. A bazarar wannan yanki, inda rana ke haura digiri 40, barinsa a kan kwano ko a akwatin babur da tsakar rana, ko sa shi caji yana da zafin aiki, yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta kafofin iskar inji ta cinye masa kabon, don haka mustahabbi ne a hure shi a goge kowace yamma.

Ga mai ƙaramin jari, shawarata ita ce ya fara da inji mai batir mai juyi da girgiza, ya riƙa hayar mai guduma ranar da kankare ya taso, har Allah ya hore masa nasa. In ya je Kano sayayya, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ya tuna araha ba ta ado. Ya mirgina baki a kan gilashi, in yana tsalle to a karkace yake. Ya dubi liƙin da ke kan bakin bango, in fukafukan ba daidai suke ba ya ajiye. Kada kuma ruwan zinariya ya ruɗe shi, domin algus ya shiga wannan kasuwa, ana shafa wa tattausan ƙarfe fenti a sayar da shi da sunan nagari.

Fasali na huɗu: kowane bango da hukuncinsa

Bangon jar ƙasa, musamman na wannan yanki mai yawan rairayi, ba ya son duka ko kaɗan, kuma ba ya riƙe fisha. Ita wannan 'yar robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, sunanta ya samo asali ne daga Artur Fischer na Jamus wanda ya ƙago ta a 1958. Kafin shi kuwa, John Rawlings na Landan ya yi irinta da zaren rama wajen 1911, kuma abin da ya kai shi ga haka shi ne aikin kafa kayan lantarki a bangon babban gidan tarihi na Birtaniya ba tare da ya ɓata shi ba. Hikimarta ita ce ta buɗe ta tokare gefen rami. In gefen kuwa ƙasa ce mai marmashewa, babu abin da za ta tokara. Dabarar magabata a nan ita ce mafita: a haƙa gurbi, a dasa guntun katako mai ƙwari wanda aka shafe da baƙin mai saboda gara, a kama shi da siminti, in ya bushe a ɗaura soket a kansa. Azara kuma, wadda ake tsagawa daga giginya, zarenta yana da tauri amma tana saurin tsagewa a tsaye, don haka sai an yi mata siririn rami kafin a sa sukuru, kuma ba a yawaita mata ramuka a layi ɗaya, domin ita ke ɗauke da rufin soro.

Bulo, ko mai inci 6 ko mai inci 9, cikinsa kogo ne, fatarsa kuma ba kauri gare ta ba, balle wanda aka buga da yashi mai yawa siminti kaɗan. In aka sa masa babbar guduma, bayan fatar sai ya fashe ya zube ciki, a bar fisha tana lilo. A fara da juyi kawai har a wuce filasta, sannan a ƙara girgiza in an ga buƙata. Awon baki ya dace da awon fisha, mai 6 da mai 6, mai 8 da mai 8. A naɗa ɗan salatif a jikin baki ya zama alamar zurfi. A hure ƙurar rami kafin a cusa, domin ƙura tana hana kamu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan ramin da ya yi wa fisha yawa shi ne mafarin faɗowar fanka.

Kankare kuwa, wato ginshiƙi da linta da dakin, amanar magini ce a hannun mai wayarin. Rodin da ke ciki shi ke ɗauke da ginin, yanke shi don a wuce da bututu ta'adi ne ga rayukan masu kwana a ƙasa. Mafi alheri shi ne a shimfiɗa bututu tun kafin a zuba kankare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Rufin kwano yana da ladubba uku ga mai ɗora sola: a huda a kan tudun kwano, domin kwarinsa hanyar ruwa ce, a sa wasar roba ƙarƙashin kan sukuru, a share ɓarɓashin ƙarfe, domin damina na zuwa zai yi tsatsa ya ci rufin. Mafi girma daga duka, kada a kuskura a zura waya ta ramin ƙarfe sai an sa mata zoben roba ko guntun bututu, saboda gefen ramin reza ne, iska na kaɗa waya yana cin rigarta a hankali, har ranar da rufi gaba ɗaya zai ɗauki wuta.

Fasali na biyar: tsare rai

A gidan wani ƙanena a Gumel na ga abin da ya sa nake nanata wannan fasali. Wanda ya yi wa gidan wayarin tun farko, don ya rage tsawon waya, ya ratsa da ita a karkace daga makunni zuwa kusurwar ɗaki, filasta ta rufe. Bayan shekaru aka kira wani matashi ya kafa ƙarfen labule; ya dubi bangon, ya ga ba ya saitin makunni ba ya saitin soket, ya ɗora inji. Sai ƙara da tartsatsi, bakin injin ya narke a tsini, yaron ya sauko daga tsani jikinsa na ɓari yana salati. Abin da Allah ya sa ya zama sanadin tsirarsa shi ne jikin injin na roba ne, tsanin kuma na katako. Wuta mai bolt 230 ba ta tambayar wane ne ya yi kuskuren.

Ƙa'idar da masana suka ajiye ita ce, waya a cikin bango ta tafi a miƙe, ko tsaye ko kwance daga makunni da soket, ko kuma cikin milimita 150 daga silin ko kusurwa, domin wanda zai zo daga baya ya san inda zai kauce wa. Kafin huda kuma a kashe wuta daga tushe, a tuna cewa gidajen yau da yawa mashiga uku gare su, ta KEDCO da ta janareto da ta inbata, kashe ɗaya ba ya isarwa. A gwada da tasta, a kuma gwada tastar kanta a inda aka san akwai wuta. A tuɓe babbar riga, a naɗe hannun taguwa, domin baki in ya kama tufafi ba ya saki. A sa tabarau, a rufe hanci, saboda ƙurar siminti da yashi in ta zauna a huhu ba ta fita. A kan tsani kuma a riƙe inji da hannu biyu, domin in baki ya cije, injin ne ke juyawa da wuyan hannun mai shi.

Dattijon nan na tasha, da la'asar ta yi ya gama shimfiɗa bututunsa, kafin birkila ya zo ya rufe gurbinsa da filasta, sai ya nemi takarda ya zana kowane bango, ya ja layin da kowace waya ta bi, ya rubuta awonta daga ƙofa da taga, ya miƙa wa mai gidan da hannu biyu.

Ya ce, "Alhaji, a ajiye wannan tare da takardar fili. Wata rana wani zai zo huda bangon nan, ni ba na nan."

Alhajin ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam."

Yau da kusan kowa ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto, wannan aiki bai fi na minti biyar ba, kuma ina roƙon duk mai ginin da ya karanta wannan babi ya nemi a yi masa shi kafin a rufe bango. Da wannan muka gama magana a kan kafar da waya ke bi. A babi na gaba, in Allah ya yarda, za mu koma kan ita wayar kanta, da kaurin da ya dace da fitila, da na soket, da na injin niƙa.